Shirun Mai Gadin Kututtura

Ruwanmu yana da itatuwa a cikinsa. Baƙo in ya tsaya a kwatar Wara, inda jirage ke ɗaukar mutane, ya hangi tafkin nan a shimfiɗe, sai ya ɗauka ka tada inji ne kawai ka miƙe. Ina! Lokacin da aka datse gulbi ruwa ya hau, daji guda ya haɗiye, itatuwan kuma ba su faɗi ba, suna nan tsaye a ƙasa har gobe. Da bazara in ruwa ya janye za ka ga kawunansu baƙi ƙirin. In ya cika bayan damina sai ya rufe su da abin da bai wuce kamu ba, kuma jirgin katako mai gudu in ya hau ɗaya tsagewa yake yi.

Kawuna, wan Inna, tuƙin jirgi ya yi tun ƙuruciya, har yanar ido ta fara rufe masa gani. Da abin ya yi tsanani ɗansa ya ajiye kabu-kabun da yake yi a Yelwa ya dawo ya karɓi jirgin. Inji kam ya san shi ciki da waje. Ruwa ne bai sani ba, kuma ruwa ba a koyonsa a shekara guda.

Ni a lokacin na dawo daga jami'a da takardar ilmin kwamfuta, ba aiki, sai wata tsohuwar kwamfuta ta hannu da nake koyon rubuta manhajar waya a kanta. Wayoyin nan masu fuskar gilashi sun fara shigowa ke nan, na hannu, waɗanda wasu suka gaji da su a wata ƙasa. Na ce da Kawu zan yi wa jirginsa mai gadi. A bazarar nan muka bi kututtura ɗaya bayan ɗaya, yana gaya wa ɗansa inda zai karkata, ni kuma ina danna waya tana ajiye matsayin kowanne. Na zana su a taswira. Sannan na rubuta mai gadin kansa, wani ɗan sashe a cikin manhajar da ba ya da aiki sai tambaya: jirgi yana ina, kututture mafi kusa yana ina? In sun matso juna sai ya sa kuka. Muka haɗa wayar da ƙaramar lasifika saboda ƙarar inji, muka sa ta cikin robar da ruwa ba ya shiga, muka ɗaure kusa da mazaunin matuƙi. Na ce wa ɗan Kawu kada ya wahalar da kansa da kallon fuskar waya, rana ma ba za ta bari ya gani ba. Ya kalli ruwa, ya saurara.

Sai na faɗi ko shi wane ne a wurina, don a nan abin ya so ya ɓaci. Taubashina ne, ɗan namiji, ni 'yar mace. Tun muna yara ban tuna ranar da muka yi wa juna magana madaidaiciya ba. Ya girme ni nesa, amma ban taɓa ce masa Yaya ba, Ɗan Kabu-kabu nake ce masa ko a gaban surukansa. Shi kuma Injiniyar Inna yake kirana, yana jan sunan yadda zai ba ni haushi. Wasan da muka fi so shi ne tada hankalin juna a waya. Na taɓa bugo masa na ce igiyar jirgi ta kwance iska ta ja shi, ya baro tuwo ya sheƙo kwata da ƙafar takalmi guda. Ya rama da cewa wayar ta faɗa ruwa, sai da na yi hawaye ya zaro ta daga aljihu. Manya dariya suke yi. Wa zai shiga tsakanin taubasai?

Abin ya yi aiki, kuma na yi ta ɗaga kai. Akwai kututture guda dab da fita daga kwata, don haka duk tashin jirgi sai mai gadi ya yi kuka, har yaran bakin ruwa suka koyi kwaikwayonsa.

Amma a wancan zamanin mai rubuta manhajar irin waɗannan wayoyi shi ke kula da ƙwaƙwalwar waya da hannunsa, kuma ƙwaƙwalwar ƙanƙanuwa ce. Duk abin da ka ƙirƙira a cikin manhaja, hoto ne ko taswira ko mai gadi, wuri yake ci. Kowane shafi yana da kayansa da ake jerawa a samansa, a gefen kowanne ka rubuta ko shafin zai riƙe shi, ko zai yi kwafinsa, ko nuna shi kawai zai yi daga nesa. Waya tana lissafin masu riƙe da kowane abu. Ka ce riƙe, lissafi ya hau. Ka ce saki, ya sauka. Ranar da ba mai riƙe da abu sai ta share shi ta ba wani wurin. In ka manta ba ka saki ba, ƙwaƙwalwa ta cika manhaja ta mutu. In ka saki abin da ba kai ka riƙe ba, ta faɗi a hannun mutum. Ni tsoron cikar nan ya fi damuna, saboda wayarmu tsohuwa ce. Na zama mai yawan saki, kamar matar da ke share ɗaki har da abin da ba shara ba.

Akwai kuma wata ƙa'ida da kowa ke koyarwa: in ka saki abu, ka rubuta "babu" a gurbinsa, don kada manhaja ta je neman abin da aka share ta faɗi. Amfaninta shi ne, in aka aika wa babu umarni, ba abin da ke faruwa. Ba faɗuwa, ba gargaɗi, manhaja ta wuce abinta. Ina son ƙa'idar nan ƙwarai a lokacin.

Ranar da nake magana, ruwa ya cika maƙil. Ana suna a wani ƙauye a ƙetare, gidan wata ƙanwar su Inna, mata suka yi gayya. Ni aka bari a gida da Kawu, don an yi masa aikin ido, fuskarsa a naɗe, sai an ɗiga masa magani a kan kari. Na ja shi zuwa inuwar da yake zama kusa da kwata, na sauka na raka su Inna.

Kai, mata da hoto! Sun sha ado, ga waya mai kyamara a jirgi, ai ba zama. A fuskar manhajar na sa maɓallin ɗaukar hoto don in an ga sabon kututture a ɗauka. Shi taubashina ya danna musu, ya yi ta ɗauka, wannan ta gyara ɗauri, waccan ta ce ba ta fito ba a sake. Da ya gama ya mayar da taswira, ya nuna mani daga nesa.

"Injiniyar Inna, ga abinki ya hau wuta, hayaƙi yake!"

"Ƙaryarka ta sha ƙarya. Ka dai kai mani uwa lafiya, in ka iya."

"Uwarki ko gwaggona? In na ga dama can zan baro ta."

Ya tada inji. Inna na zaune a tsakiya da langa a cinya, ta ɗaga mani hannu. Na tsaya har suka yi nisa, sannan na hauro ina 'yar waƙata.

Kawu ya juyo da naɗaɗɗiyar fuskarsa wajen takuna.

"Ɗiyata, sun tahi?"

"Sun tafi, Kawu."

"To yau ban ji kukan abin nan naki ba. Ko kun kashe mai murya?"

Na ce wataƙila hayaniyar mata ce ta rufe. Ina faɗa ina jin ƙaryar a bakina, don ni ma ina tsaye a wurin, kuma yaran kwata ba su kwaikwayi komai ba. Na ce ya jira ni, na ruga gida na ɗauko kwamfuta, na dawo na zauna a ƙasa gefen tabarmarsa.

A kwamfutar akwai kwaikwayon waya da nake gwaji da shi. Na buɗe manhaja, na matsar da jirgin ƙarya kusa da kututturen kwata. Mai gadi ya yi kuka. Kawu ya ce, "Yauwa, shi ne." Na buɗe wani shafi a kan taswirar, kamar yadda kyamara ke yi, sannan na aika gargaɗin da waya ke aikawa in ƙwaƙwalwa ta matse, don kyamara ci take yi ba kaɗan ba. Na koma taswira. Ga ta nan tsaf, ga kututtura, ga ɗigon jirgi yana motsi. Na ja jirgin na ɗora shi a kan kututture. Shiru. Na ja shi na bi ta kan wani, da wani. Shiru.

Na buɗe rubutun, na je wurin da shafin taswira ke zubar da kaya in an matsa masa. Ga layukan nan a jere: saki taswira, babu, saki hotuna, babu, saki mai gadi, babu. Taswira da hotuna ana sake gina su duk lokacin da shafi ya dawo. Mai gadi kuwa sau ɗaya ake haihuwarsa, sa'ad da aka kunna manhaja. Kyamara ta matse ƙwaƙwalwa, shafi ya sake shi, waya ta share shi. Tun daga kwata manhajar take ta tambayar babu, akwai kututture? Babu kuwa ba ta amsawa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Mi ya faru?" in ji Kawu.

"Mai gadin ba ya nan, Kawu. Wayar tana kunne, amma ba zai yi kuka ba."

Bai yi salati ba, bai yi faɗa ba. Ya tambaye ni ko ina hangen jirgin. Na miƙe na kare ido da hannu, na ce ina ganin ɗan baƙi-baƙi, ya kusa gungun farko, ɗan tsibirin nan na tsakiyar ruwa.

"In ya wuce gungun nan, Kurmi ne gabansa."

Kurmi muke kiran wurin da itatuwan suka fi yawa, tsohon daji ne sosai. A bazara da muka shiga sai da aka kashe inji aka bi da filafili ana tuƙi da hannu. Kuma na san yadda taubashina ke yi: muddin bai ji kuka ba, ba ya sassauta wuta, don ni da bakina na ce masa shiru yana nufin hanya a buɗe take.

Na buga wayarsa, wadda manhajar ke ciki. Ba ta shiga ba. Na sake, matar nan ta kamfani ta fara gaya mani ba a samun lambar, na katse ta da zagi. Na buga ta Inna, a kashe. Ai na sani, matanmu in za su hau ruwa kashe waya suke yi, su ƙulle ta a leda su tura can ƙasan jaka. Na gwada ta matar taubashina, na gwada ta maƙwabciyarmu, duk haka. Na duba kwata ko akwai jirgin da zai bi su. Ranar kasuwa ce a wani gari, masu inji duk sun fita, sai ƙananan kwale-kwalen masunta, waɗanda kafin ɗaya ya kai gungu an gama komai.

Akwai wani tudu bayan rumfunan masu kifi inda sabis ya fi kamawa. Na ce da Kawu ya zauna. Ya ce bai zama, ya miƙo hannu ya damƙi wuyan hannuna. Haka muka hau, ina jan tsoho mai naɗaɗɗen ido ta cikin ƙayar kifi da toka, masu banda suna tambayar lafiya, ban ko kalle su ba. Daga saman tudun na ga jirgin ya shige bayan gungu.

Na buga. Ta yi ƙara. Ta yi ta ƙara har na ce ba zai ɗauka ba, sai na ji inji da iska da muryarsa yana ihu.

"Injiniya! Har kin yi kewar Inna?"

"Kashe inji! Mai gadi ba ya aiki, kashe inji yanzu!"

Ya fashe da dariya. Na ji yana gaya wa mata, "Ku ji ta, wai in kashe inji tsakiyar ruwa!" Na ji su ma suna dariya.

"Wallahi ba wasa nake ba!"

"Ranar igiya ma wallahi kika ce. Ga taswirarki nan tana ta aiki, ina kallonta. Ki nemo wata dabara, wagga ta tsufa."

"Ba Inna waya!"

"Inna tana cin goro."

Muryarsa ta fara yankewa. Na san in layin nan ya tsinke ba lalle in sake samunsa ba. Haushi ya cika ni, haushinsa, da na kaina, da na duk dariyar da aka yi mana tun muna yara. Na tura wa Kawu wayar a baki na ce ya yi magana. Ya buɗe murya ya kira ɗansa, amma muryar tsoho ce mai jinya, iska da inji suka cinye ta. Na ji taubashina yana cewa, "Har da kwaikwayon Baba? Lalle yau kin shirya."

Na dawo da wayar kunnena. Ban san na fara kuka ba sai da na ji muryata ta canza.

"Yaya," na ce. "Yaya, don girman Allah. Na roƙe ka, Yaya, kashe injin nan. Uwata tana ciki."

Ina jin inji, ina jin wata mata tana ba da labari tana dariya. Sai ƙarar ta sauka, ta yi tari, ta mutu. Abin da ya rage sai ruwa yana marin katako.

"Gaya mani," ya ce. Ban taɓa jin wannan muryar a bakinsa ba.

Na ce kada ya bari kowa ta miƙe. Ya sa filafili ya tsayar da jirgin, don jirgi ko an kashe inji yana ci gaba da tafiya. Sannan ya kashe wayar gaba ɗaya, ya sake kunna ta, ya buɗe manhajar, kada ya taɓa maɓallin hoto. Ta haka ne kawai za a haifi sabon mai gadi. Na ce zai ɗauki ɗan lokaci kafin ta gane inda suke, ya yi haƙuri, kada ya motsa.

"In na kashe, ke ma kin tahi ke nan."

"Na sani. Ka kira ni."

Layin ya mutu.

Ban san tsawon zaman da muka yi a kan tudun nan ba. Kawu ya tsuguna, ni ma na tsuguna don bai saki hannuna ba. Leɓunansa suna motsi. Ni ko addu'ar ta ƙi haɗuwa a bakina, kaina sai lissafi yake: in jirgin yana da sauran gudu, in iska tana tura su gabas, in wayar ta ƙi tashi don caji ya yi ƙasa, in sabis ya ɗauke. Na tuna yawan matan da ke ciki da irin zannuwan da suka ɗaura, masu nauyi in sun jiƙe. Inna, duk da a bakin ruwa aka haife ta, ba ta iya iyo ba. Na kalli bayan gungu har idona ya fara ganin abin da babu. Wata mai banda ta kawo mana ruwa a moɗa, ta ga fuskokinmu, ta ajiye ta koma.

Na buga, a kashe. Na sake bugawa, a kashe. Kawu ya ce, "Bari, kak ki tare mai hanya." Na ɗora wayar a gwiwata ina kallonta.

Da ta yi ƙara sai da ta kusa suɓuce mani. Na danna. Abin da ya cika kunnena kukan mai gadi ne, ba irin na nesa mai tsayawa yana ci gaba ba, irin wanda na rubuta don in jirgi ya zo dab, mai haɗe ba numfashi. A bayansa mata suna ta salati. Kawu ya ji daga inda yake, yatsunsa suka nutse a hannuna.

"Muna kansa," in ji taubashina a hankali. "Ga shi nan ƙarƙashin hancin jirgi, na sa filafili na taɓa shi. Kaurinsa ya kai turmi. Akwai wani a dama."

Na ce ya ja baya da filafili har kukan ya fara tsayawa, sannan ya duba taswira ya zagaya ta yamma. Ya ce to. Ban taɓa ba shi umarni ya ce to ba. Sannan ya ce, "Ga Inna."

Na ji wayar tana wucewa hannu zuwa hannu, na ji numfashinta. Na shirya in ba ta haƙuri, in gaya mata layi guda ne, yau ɗin nan zan gyara. Sai ta riga ni.

"Ke," ta ce, mai gadi yana ta kuka a bayanta. "Kin ɗiga wa Kawunki maganin idonsa? Lokaci ya wuce fa."